Rufe Iyakokin Jihohi A Lokacin Annobar Korona

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani irin rigakafi da ya shafi ƙasarmu baki ɗaya a shekarar 2020, watau hana tafiya daga wata jiha zuwa wata, da kuma killace matafiya.

Da farko dai ya kamata mu san dalilin wannan doka. Cutar korona ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Mutum ne ke ɗauke da ita a jikinsa, ya shiga mota da ita, ya sauka da ita a wani gari, ya shafa wa na kusa da shi ta hanyar tari ko atishawa ko numfashi. Abin da ya sa ta yi wuyar tarewa shi ne, wanda ya kamu yana iya yin kwana biyu har zuwa goma sha huɗu kafin alamunta su bayyana, wani ma ba sa bayyana a jikinsa sam, amma yana yaɗa ta. Saboda haka ne likitoci suka ce a keɓe wanda ya fito daga inda cutar take har kwana 14. In ya cika su lafiya, sai a sallame shi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Bayan ya shawarci sahabbai sai ya juya da jama'arsa, domin koyarwar Musulunci ita ce kada na waje ya shiga garin da ake annoba, kada kuma na ciki ya fita. A ƙasar Turai ma, tun a shekarar 1377 birnin Ragusa ya riƙa tsare masu zuwa daga wuraren annoba har kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya aka mai da shi kwana 40. Ita kuwa Nijeriya tana da dokar killacewa tun 1926, da ita ce kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya dogara a 2020.

To, yaya abin ya gudana a nan gida? An sami mutum na farko mai cutar a Ikko ran 27 ga Fabrairu. Ran 30 ga Maris aka kulle Ikko da Abuja, Jihar Ogun ma ta shiga cikin umurnin. Ran 11 ga Afrilu cutar ta bayyana a Kano. Gwamnatin Tarayya ba ta hana tafiya tsakanin jihohi duka ba sai daga ran 4 ga Mayu, ko da yake wasu jihohi, kamar Kano da Kaduna, sun riga sun rufe iyakokinsu da kansu. An ƙyale motocin abinci da magani da man fetur su wuce. Ran 1 ga Yuli aka ɗage dokar.

Idan muka dubi waɗannan ranaku za mu ga darasi na farko. Tsakanin shigowar cutar da rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya an yi fiye da wata biyu. Kafin nan ta riga ta isa galibin jihohi, sai abin ya yi kama da ihu bayan hari.

Darasi na biyu, shinge ba ya tare komai sai in masu tsaronsa da masu bin hanya sun riƙe gaskiya. Jaridu sun sha ba da labarin mutanen da aka kama sun ɓuya a cikin manyan motocin kaya da na dabbobi. Wasu kuma sukan sauka kafin shinge, su hau babur su bi ɓarauniyar hanya, su sake shiga mota a gaba. An kuma yi ta kukan cewa da ɗan na goro ake wucewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasi na uku ya fi ba ni tausayi. A daidai lokacin da aka hana kowa tafiya, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa lodin yara sa'o'inmu da ƙannenmu a motoci. Da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa, aka tarar da dama daga cikinsu suna ɗauke da cutar. Da an gwada su an killace su tun kafin a ɗauke su, da ba a haɗa mai lafiya da mara lafiya a mota ɗaya ba.

Darasi na huɗu shi ne na ciki. Dokar ta faɗo cikin watan azumi. Direba da kwandasta da ɗan kamasho da mai tuwo a tasha, duk sai sun fita suke samun abin sa wa a baka. Wanda iyalinsa suka kwana da yunwa, da wuya ya ji kiran a zauna a gida.

Daga ƙarshe, ni a ganina rufe iyaka ba ya kashe annoba, jinkirta ta yake yi domin hukuma ta sami sararin tanadar wuraren gwaji da gadajen asibiti. Amfaninsa kuwa sai an yi shi da wuri, an killace wanda ya zama dole ya wuce, an kuma ciyar da wanda aka zaunar. Mu ɗaliban yau, a cikinmu ne za a sami likitoci da 'yan sanda da shugabannin gobe, don haka ya wajaba mu riƙe waɗannan darussa. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan annoba, amin.