Masu kwafo saiti daga intanet, ku ji tsoron Allah

Wata Hajiya mai kiwon kaji ta aiko mini da sassafe, wai injin ƙyanƙyasarta ya kwana a sanyaye. Raspberry Pi 4 ne ke riƙe mata zafin injin a digiri 37.5, ƙwan kuwa saura kwana uku su cika ashirin da ɗaya. Na tarar da jar fitilar bod ɗin tana ƙyaftawa. Cajar wayar jikanta aka jona masa, ta ainihin ta lalace tun bara.

Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa shi?" Ta ce, "Injiniya, wani yaro ne, ya ce zai ƙara masa gudu."

Gudun me? Na'urar da aikinta duba ma'aunin zafi da kunna hita, ina za ta da gudu?

Da na buɗe config.txt sai raina ya ɓaci. Yaron ya sa arm_freq=2000, over_voltage=6 da force_turbo=1, a cikin akwatin roba mara fanka, ana tsakiyar bazara. Da alamar ƙarancin wuta ta dame shi, maimakon ya nemo caja mai amfiya 3, sai ya rubuta avoid_warnings=2. Wannan kamar mai zazzaɓi ne ya fasa ma'aunin likita ya ce ya warke. Ina goge layukan nan, vcgencmd get_throttled ya ba ni 0x50005, wato alamar ƙarancin wuta.

Bai tsaya nan ba. Ya kwafi komai ya ɗora kan wani filashi mai arha, ya shiga EEPROM ya sa BOOT_ORDER=0xf4. Da aka ɗauke wuta aka dawo, filashin ya ƙi tashi, bod ya yi ta zagaye yana nemansa har gari ya waye. Katin memori lafiyayye yana zaune a raminsa. Da 0xf14 ya rubuta, da bod ya koma kan katin, hita ta kama. Lamba guda ce ta ci kuɗin baiwar Allah nan. Ta fasa ƙwai biyu a gabana, 'yan tsaki sun gama haɗuwa har da gashi, ba motsi.

Layin da ba ka san aikinsa ba, kada ka saka shi. Kada ka kashe gargaɗin wuta, gyara wutar. Pi 4 amfiya 3 yake so, Pi 5 amfiya 5, idan ba haka ba Pi 5 zai taƙaita USB a miliamfiya 600. Cajar waya ta waya ce. Ajiye kwafin config.txt kafin ka taɓa shi. A bar rpi-update, na masu gwaji ne. Kada a sabunta EEPROM ana cikin wutar da ba tabbas.

Ku ma masu kaya da laifinku. Kowa ya zo da laftof a jaka sai ku miƙa masa jarinku. Ku tambaye shi me zai canza, kuma don me. In ya fara kame-kame, a sallame shi. Kuma don Allah ku sayi caja ta gaske.