Yadda Ake Kwafe Tsofaffin Kaset na Bidiyo Zuwa Kwamfuta da Kuɗi Kaɗan

Zaren kaset ɗin bidiyo roba ce mai faɗin rabin inci, wadda aka shafe fuskarta guda da garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, aka liƙe garin da wani irin danƙo. A cikin wannan gari hoto da murya suke kwance. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da samfurin VHS a 1976, kuma shi ne ya cika gidajen ƙasar Hausa, musamman bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. A Bakori ta kudancin Katsina da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Tsiga da Kabomo da Guga, bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, lokacin da kuɗin masara da auduga suka shigo hannu. Mai hali yakan ɗauko mai ɗaukar bidiyo ya zo da kyamara a kafaɗa da fitila da janareto. Haka aka naɗi ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani, da tarbar alhazai, da naɗin sarauta, da hawan sallah a ƙofar Makaman Katsina. Galibin waɗannan kaset suna nan a ƙasan adaka ko bayan kabad, sun ba shekara ashirin da biyar baya.

Danshi ne babban makashin kaset. Danƙon da ke riƙe garin ƙarfen yana tsotsar laima, sai zaren ya riƙa manne wa juna ko garin ya soma zuba, kuma damunar kudancin Katsina mai nauyi ce, ta fi ta arewacin jihar. Zafin ɗaki mai rufin kwano da ƙurar hunturu suna ƙara nasu. Duk da haka, na'urar kunna kaset, wato bidiyo, ta fi kaset ɗin saurin ƙarewa. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a watan Yulin 2016. Duk bidiyon da ke aiki yau tsohuwa ce, kuma ana raguwa ne ba ƙaruwa ba.

Aikin yana farawa da tantancewa. A fito da kaset duka a jera, a ware na gida daga na finafinan Indiya da na Hausa da aka saya a kasuwa. Na kasuwa ba za a yar da su ba, suna da ranarsu nan gaba. A duba girman kowanne, domin ba duka ne VHS ba. Ƙaramin nan mai kauri da ake kira VHS-C zarensa iri ɗaya ne da na babba, ana sa shi cikin wani ƙoƙo mai siffar babban kaset ya shiga bidiyo lafiya. Video8 da Hi8 na kamfanin Sony kuwa ba su da irin wannan ƙoƙo, sai an nemo kyamarar da ke cin su. MiniDV ma kyamararsa ake nema, sai dai shi an riga an naɗe shi a tsarin kwamfuta, ana zuƙo shi ta wayar FireWire da ke jikin wasu tsofaffin kwamfutoci, awa guda ta ci kimanin giga 13. Gidan da aka taɓa mayar da kaset ɗinsa kan faifan VCD kada ya ce ya gama: hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, ya kasa na asali. In kaset ɗin na nan, daga gare shi ya kamata a sake kwafa.

Kafin kaset ya kusanci na'ura, a ɓalle ɗan harshen robar da ke bayansa. Muddin an ɓalle shi, bidiyo ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kansa ba, ko da yaro ya danna jan maɓalli. Sannan a leƙa ta gilashin. Idan an ga fari-fari kamar an barbaɗa gari ko kamar saƙar gizo a gefen naɗin zaren, funfuna ce, a ware wannan kaset gefe. A danna ɗan maɓallin da ke gefe a ɗaga murfin gaba, a ga ko zaren ya tsinke ko ya yamutse. A ƙarƙashin kaset akwai rami. In an cusa bakin biro a ciki, birkin ƙafafun zaren yana saki, sai a juya su da yatsa a ji ko suna tafiya sumul. Wanda ya cije, kada a tilasta shi.

Manomi ya saba da cewa abin da ya yi laima rana ake kai shi. Kaset ba masara ba ne. Rana tana lanƙwasa ƙoƙon, ta ƙwanƙwashe zaren. A inuwa ake busar da shi, cikin ɗaki mai iska, ko a rufe shi mako ɗaya zuwa biyu cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani. Shi ya sa rani ya fi dacewa da aikin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in dai za a rufe taga saboda ƙura. Mai funfuna ana share shi a waje, da takunkumi a hanci, a kwance kusoshin ƙoƙon, a goge gefen naɗin da ƙyalle mai laushi marar gashi. Shi ake kwafa a ƙarshe, domin yana dasa wa na'ura ƙwayar da za ta shafa wa sauran. Zaren da ya tsinke ana datse bakinsa biyu da reza, a haɗa su da siririn salatif ta baya, ɓangaren da ba ya goguwa da hed ɗin bidiyo mai karanta zaren. Abin da ya fi wannan aminci shi ne a raba zaren gida biyu, a sa kowane rabi cikin ƙoƙon wani fim ɗin Indiya da aka zare, don kada mahaɗar ta bi ta kan hed ko sau ɗaya.

Sai neman bidiyo. Aro ya fi saye, kuma kafin a tafi Kano a fara tambayar tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin na Funtua da Malumfashi, da waɗanda suka taɓa sana'ar ɗaukar biki ko gidan kallo. Sau da yawa ana samun wadda aka kawo gyara mai ita bai dawo ba. Nijeriya tana kan tsarin PAL, mai hotuna 25 a daƙiƙa, don haka bidiyon gwanjo daga Ingila ko Jamus ta dace, ta Amurka mai tsarin NTSC ba za ta karanta kaset ɗin nan ba. Irin waɗanda alhazai suka riƙa shigowa da su daga Jidda, masu cin tsari iri-iri, sun fi kowace amfani. Mai hed huɗu ko shida ta fi mai biyu, domin masu ɗaukar biki kan naɗa a hankali, a kan LP, don kaset mai awa uku ya ɗauki awa shida, kuma ba kowace na'ura ke karanta wannan da kyau ba.

Ba a gwada tsohuwar bidiyo da kaset ɗin auren iyaye. Nan ne ranar finafinan kasuwa take: a sa guda, a kunna, a tura gaba, a dawo da baya, a fitar, a maimaita har sau biyar. Idan ta tauna zare, yawanci bel ɗin roba ne ya saki ko tayar da ke matse zaren ta ƙeƙashe, gyara ne mai sauƙi ga wanda ya san aikin. Idan murya na fita amma hoto ya zama yayyafi, hed ne ya yi datti. Hed ɗin yana jikin wata ganga mai sheƙi da ke juyawa sau 1,500 a minti, kuma ya fi ƙwai saurin fashewa. A zare wuta, a buɗe murfi, a jiƙa farar takarda da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke inji da shi, a ɗora ta a jikin gangar da yatsa ba tare da dannawa ba, a juya gangar a hankali da ɗaya hannun. Ba a gogawa sama da ƙasa, ba a amfani da auduga, domin zarenta yana maƙalewa ya ɓalle bakin hed. A bari ya bushe sarai kafin a sa kaset.

Hanyar kwafa mafi araha ita ce ɗan abin nan mai kama da filashi da wayoyi a wutsiyarsa, wanda aka fi sani da EasyCAP. Ana samun sa a wurin masu kayan kwamfuta na titin Beirut a Kano, ko a yi odarsa ta intanet. Na jabu sun yi yawa, a gwada kafin a biya. Ruwan ɗorawar waya ta hoto ce, fara da ja na murya, a soka su a ramukan fita na bayan bidiyo, ɗaya bakin a kwamfuta. Bidiyon Turai da ba ta da waɗannan ramuka, sai faffaɗan ramin SCART, ana sa mata 'yar mahaɗa. Akwai kuma ƙananan akwatuna masu naɗa kai-tsaye a kan memori ba tare da kwamfuta ba. Sun fi tsada, sun fi sauƙin sarrafawa, amma ba sa barin mutum ya zaɓi ingancin da yake so. Wanda ya samu na'ura mai haɗe da bidiyo da mai naɗar DVD zai iya kwafa a faifai mai giga 4.7, awa biyu a kowanne, daga baya ya juye shi da manhajar HandBrake. Ɗora waya a gaban talabijin a ɗauka kuwa dabarar wanda ya rasa komai ce. Ta fi babu, amma launi yana gudu, kukan akuya da sallamar baƙo duk suna shiga.

A kwamfuta, manhajar OBS Studio kyauta ce kuma ta isa. A zaɓi PAL, girman hoto 720 da 576, a bar siffarsa ta asali, huɗu a kwance uku a tsaye. Wanda ya miƙe hoton don ya cika faffaɗan allo zai mayar da siririyar amarya gajeriya mai ƙiba. Hoton talabijin na da yana zuwa ne rabi-rabi, layuka na saƙe da juna, shi ya sa ake ganin haƙoran mataji a gefen duk abin da ke motsi. Zaɓin Yadif 2x yana gyara wannan, ya ba da hotuna 50 a daƙiƙa. Nauyin naɗi na megabit 4 zuwa 6 a daƙiƙa ya wadatar, wato giga biyu zuwa uku a awa. Ƙarin nauyi fiye da haka ba zai fito da abin da babu shi a zaren ba. Idan bidiyon mai ramin murya ɗaya ce, a umarci manhajar ta watsa shi a kunne biyu.

Matsalar wuta tana da magani biyu. Na farko, a naɗa a tsarin MKV, domin idan aka ɗauke wuta ana tsaka da naɗar MP4 na yau da kullum, fayil ɗin gaba ɗaya yana iya lalacewa, shi kuwa MKV yana riƙe abin da ya shiga. OBS tana juya shi zuwa MP4 daga baya cikin 'yan daƙiƙu. Na biyu, a jona bidiyon a sola ko inbata. Abin da take ja bai fi na ƙwan fitila ɗaya irin na da ba. In janareto ne, a sa sitabilaiza a tsakani.

Kafin a danna naɗa, a tura kaset har ƙarshe a dawo da shi, zaren ya saki jiki. A kunna minti ɗaya, a daidaita maɓallin tirakin har layukan da ke yawo a hoton su kwanta, a saurari murya, a koma farko. A fara naɗa a kwamfuta, sannan a kunna bidiyo. Daga nan sai haƙuri, domin kaset mai awa uku awa uku zai ci, babu gajeriyar hanya. Ba a barin wurin. Zaren E-180 ya haura mita 250, kuma a ko'ina garin ƙarfe zai iya toshe hed, hoto ya ɓace. In haka ta faru a tsaya, a goge, a koma baya kaɗan, a ci gaba. Ko an ga yayyafi bayan an tashi daga biki, a bar shi ya kai ƙarshe, don sau da yawa akwai sunan wani jariri da aka naɗa a wutsiyar kaset aka manta. Tsohon zare yakan ba da hotonsa mafi kyau a kunnawar farko, saboda haka ba a tara iyali kallo sai bayan an kwafa.

Kuɗin yana raguwa sosai idan zuri'a ɗaya ko unguwa ta haɗa hannu: bidiyo ɗaya, EasyCAP ɗaya, kwamfutar ɗalibi ɗaya, a bi gida-gida. Wannan yana kare wani abu da ya fi kuɗi. Kaset ɗin biki yana ɗauke da kamu da wunin mata a cikin gida, matan da yau suke ɗakunan mazajensu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan dole sai an kai shagon masu tura finafinai a waya, a zauna har a gama, a kuma ga an goge fayil ɗin daga kwamfutarsu.

Sunan fayil ya ƙunshi shekara da gari da abin da aka yi. Wannan aiki na tsofaffi ne: a zaunar da kaka ko gwaggo gaban allo, ta faɗi wane ne mai rawanin nan, wace ce ke guɗa, a rubuta a littafi tare da mintin da suka bayyana. A ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a hadis ko filashi, na uku wurin ɗan'uwa a Zariya ko Katsina, ko a Google Drive mai ba da giga 15 kyauta. Filashin jabu yana nuna girman da ba shi da shi, don haka a cika shi a sake buɗe fayilolin kafin a amince masa, kuma wanda ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai an tura shi a matsayin takarda yake isa yadda yake. Bayan shekara biyu ko uku a duba kwafin, a juye su a sabon mazubi.

Kaset ɗin kansa ba a yar da shi bayan an gama, domin ana iya samun na'urar da ta fi wadda aka yi aiki da ita. A mayar da zaren farko, a sa shi a kwalinsa, a jera a tsaye kamar littattafai a kan kanta, nesa da lasifika da bangon da ke tsatsafo da damuna.