Horar da Ma'aikatan Jinyar Yara Kan Magunguna Masu Haɗari a Gabashin Sakkwato

Magunguna masu haɗari su ne waɗanda tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ba ta da yawa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin abubuwan da ta fi bai wa muhimmanci, a shirinta na rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekaru 5. Lamarin ya fi tsanani a ɗakin yara, domin nauyin yaro ake bi wajen lissafa maganinsa.

Shi ya sa horon ke farawa daga sikeli. A Burkusuma da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, inda rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, tamowa ta yawaita, har a ga ɗan shekara 2 da nauyin ɗan shekara guda. Nas ɗin da ta kimanta da ido ko da shekaru za ta zarce adadi ba tare da ta sani ba.

Sai lissafi, kuma nan ya kamata a daɗe. Jentamaisin kan zo da miligiram 80 a cikin mililita 2. Jariri sabuwar haihuwa mai kilo 2, a makonsa na farko, miligiram 3 ake ba shi kan kowane kilo sau ɗaya a rana, wato mililita 0.15. Ɗigo ɗaya ya goce a takarda, sai ya zama 1.5: ninki goma, kuma duk a kwalba guda, ba abin da zai ja hankalin mai zuƙa. Sakamakon na iya zama lalacewar ƙoda ko kurumta. Dole mutum biyu su lissafa, kowa daban, kafin allura ta taɓa jiki. Inda nas ɗaya ce a aikin dare, jadawalin nauyi da adadi da aka manna a bango shi ne abokin dubawarta.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. Allurar atisunet miligiram 3 ce kan kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Kwinin kuwa ba a tura shi jijiya kai tsaye; a ƙarin ruwa yake shiga sannu a hankali, ana lura da sukarin jini don yana saukar da shi. Fotasiyam ma haka, tura shi kai tsaye na tsayar da zuciya, don haka ake ware masa ma'aji. Dayazefam na tsayar da jijjiga amma yana danne numfashi. Ba a bayar da shi a juya baya.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarin ruwa kansa. Zuciyar mai tamowa mai tsanani ba ta jure shi, don haka ba a sa masa sai in jiki ya shiga halin gargara, ko da uwa na roƙon a sa wa ɗanta ruwa.

Idan za a tura yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, takardarsa ta nuna nauyinsa, sunan maganin, adadinsa da sa'ar da aka ba shi, don kada a maimaita masa da isarsa.