Odar mota ta yi shiru? Kada ka yi gaggawar sayen sabuwa

Direbobi da yawa, da zarar oda ta daina ƙara, sai su garzaya kasuwar kayan gyara su sayo sabuwa. A ɗaura, a danna, shiru dai. Sau da yawa odar lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta. Wutar batir tana bi ta fis, ta ratsa rile, sannan ta kai ga oda, madannin sitiyari kuma shi ke ba rile umarni. Wannan hanya za ka bi daki-daki, ka fara da abu mafi araha.

Duba fis tukuna. Zanen da ke murfin akwatin fis zai nuna maka na oda. In zaren cikinsa ya tsinke, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka yarda a ɗaure shi da silin waya, ko a sa mai lambar da ta fi, domin ta haka gobara ke tashi a mota. In sabon ya sake ƙonewa, galibi wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe.

Daga nan sai rile. Sa wani ya danna, kai kuma ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas, madanni yana aiki, matsalar tana gaba. In ba ka ji komai ba, musanya rilen da wani irinsa ka gwada.

Ita kanta odar galibi tana gaban lagireto, inda ruwan damina da laka da ruwan wanki ke dukanta. Cire soket, ka kankare tsatsa da samfefa, har da wurin notin da ya riƙe ta, don a motoci da yawa ta nan wutar ke komawa. Sannan ka jona ta kai tsaye da batir. In ta yi ƙara, waya za a bi. In ta ƙi, yanzu ne sayen sabuwa ya halatta. Muryar da ta dishe kuwa, a motar da ke da tagwayen oda, sau tari ɗaya ce ta mutu.

In oda ba ta yi sai an juya sitiyari, ko fitilar jakar iska ta kama, naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ce ta lalace. Nan ka tsaya, ka kai wa ƙwararren mai wayarin, don jakar na iya fashewa a fuskarka. Kuma kada ka ɗaga gyaran zuwa gobe: yaron da ya faɗo titi a guje, oda ce kawai zai ji.