Sifirin Bakin Mota Ne

Ɗana, jiya da ka tsayar da akori-kurar marigayi mahaifinka a gefen shataletalen Terminus a nan Jos, kafin in dubi fuskarka ƙarƙashin motar na fara duba. Tsohuwar ɗabi'a ce, ka yi mini uzuri. Na ga bayanta ya zauna, ɓangaren direba ya fi na yaron mota nutsewa, kuma da ka taka birki sai da ta yi rawa sau biyu kafin ta natsu. Ka zo ka durƙusa muka gaisa, ka ce shawara ka zo nema: za ka ƙara mata sifirin falle huɗu-huɗu, ka ɗaga ta, ka sa manyan tayoyi, ka sauke giyabos ɗinta ka ɗora mai giya biyar. Ga kiran la'asar, ga hon ɗin 'yan keke, ban ba ka amsar kirki ba. Na ce ka bar ni in kwana da maganar. To, na kwana da ita.

Da farko Allah ya yi maka albarka da ba ka kai ta wurin 'yan gwangwan ba. Da yawa daga cikin sa'o'inka da tuni sun yanka ta sun sayar a kilo. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da motar nan ya yi muku makaranta, da ita ya rufa ɗakin da kake kwana. Kuma ba ƙaramar mota ba ce. Peugeot 504, Fijo a bakinmu, ta fito a Faransa a 1968, samfurin akori-kurarta ya biyo baya a 1979. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma ba a daina haɗa 504 a ƙasar nan ba sai wajen 2006, bayan Turawan da suka ƙera ta sun daɗe da mantawa da ita. Shi ya sa har gobe in ka shiga Dilimi ka ambaci kayanta, wani tsoho zai shiga ƙuryar shago ya fito maka da shi yana kaɗe ƙura.

Ban ce kada ka taɓa ta ba. Mota mai shekarun nan tana son hannu. Amma kafin ka sayi ko kusa ɗaya, ina so ka gane abin da sifirin yake yi.

Ku yaran yanzu kuna ɗauka sifirin ne yake ɗaukar kaya. Yana ɗauka, amma ba shi kaɗai ba. Nauyi yana sauka a kan bodi, ya bi shasi, ya bi sifirin, ya shiga bak-aksul, ya faɗa kan boris, daga nan zuwa taya, taya ta miƙa wa ƙasa. Duk cikinsu sifirin ne kawai yake magana ido ya gani. In lodi ya yi yawa sai ya kwanta, bayan mota ya sauka, hancinta ya ɗaga, ko ɗan kamashon da bai taɓa riƙe sitiyari ba zai ce, "Kai, ya isa haka." Boris ba ya magana sai ya ƙone. Shasi ba ya magana sai ya tsage. In ka ƙara falle huɗu, ba ka ƙara wa ko ɗayansu ƙarfi ba. Bakin motar kawai ka toshe.

Ni na yi, shi ya sa na sani. Zamanin Shagari ne, ana kan ginin babbar kasuwar nan da wuta ta cinye a 2002, wadda kai kangonta kawai ka taso ka gani. Ina da 404 a lokacin, yayar taka, mai giya a jikin sitiyari. Dankalin Turawa nake ɗaukowa daga Bokkos, ranar Juma'a kuma in ci kasuwar Mangu. Wani mai gyaran sifirin, ba sai na kama sunansa ba, ya ce in kawo ta ya mayar mini da ita ƙaramar Bedford. Ya wargaza sifirin ɗin, ya ɗora kowane falle a kan guntun ƙarfen dogo yana dukansa da guduma, wanda ya ƙi lanƙwasa ya gasa shi da wutar walda har ya yi ja. Ya ƙara nasa fallayen. Da na karɓe ta, bayanta ya ɗaga kamar zakara zai yi cara. Na ji daɗi ƙwarai.

In babu kaya, haƙora ke haɗuwa. A kan gargada bayanta tsalle yake yi yana neman ya riga gaban zuwa, don tayar da ba ta manne da ƙasa ba ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Na ce ai ba don yawo na saye ta ba. In kuwa an yi lodi, sai ta tsaya cak. Buhunan da a da in an sa sai ta durƙusa, yanzu ana sa su tana kallon mutane. Sai na ce a ƙara. Aka ƙara. Aka kuma ƙarawa.

Wata asuba cikin hunturu, sanyin da ke sa yatsu su ƙi riƙe sitiyari, muka wuce Riyom muka kama gangaren Hawan Kibo za mu Akwanga. Ina giya ta uku, ƙafata a kan birki tun daga sama. Wajen kwana ta uku na fara jin ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Na taka, feda ta yi laushi. Na sake takawa, ta tafi har ƙasa kamar na taka tuwon jiya. Ban san sau nawa na yi salati ba. Na ba ta wuta a firi, na danna ta giya ta biyu da ƙarfin tsiya, inji ya yi kururuwa, na ja birkin hannu a hankali, na jingina gefenta da gaɓar dutse tana gurzawa har ta tsaya. Yaron motata ya dira da weji a hannu, ya sa a ƙarƙashin taya, sannan ya zauna a kan kwalta ya fashe da kuka. Hayaƙi na fita daga tayoyin baya. Mun fi awa biyu a wurin ba mai cewa uffan. Bayan kwana uku da aka shiga ƙarƙashinta, sai ga tsaga a shasi daidai inda kan sifirin yake kamawa, kuma falle biyu daga cikin waɗanda aka gasa sun karye. Ƙarfen sifirin da horon wuta aka yi shi tun daga masana'anta. In ka sake gasa shi, ka kashe shi.

Akori-kura irin taka an yi ta ne don tan ɗaya da 'yan kai. Ka yi lissafi da kanka: in buhu ya kai kilo 100, kana wuce goma sha biyu ka shiga bashi, kuma buhun da aka ɗinka wa hula ba a tambayarsa kilo nawa ne.

Ga abin da zan yi da ni ne. Zaman da na gani a bayanta gajiya ce, ba ƙarancin falle ba. A sauke sifirin ɗin duka biyu, a wargaza, a wanke, a duba kowane falle a rana. Wanda ya tsage a jefar, kada a yi masa walda. In babban fallen ya mutu, a nemo wani, kuma abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare mai ciwon ƙafa. A sa sababbin bushin, sabon santa-bol, sababbin yubol. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, ba ya sake kamawa kamar da. Kada a ƙarasa ɗaure bushin mota tana kan jak, sai ta sauka ta zauna da nauyinta. Bayan mako guda ka koma a sake bin yubol ɗin da sufana. Rawar nan da ta yi da ka taka birki kuwa, shokozoba ce ta mutu, kuma ita za ka fara saya tun kafin komai. In duk an yi wannan ka ga har yanzu kana son ƙari, falle ɗaya ya isa, ko ka sa irin na taimako da ke zama a ƙasa ba ya aiki sai kaya sun danne shi. Da shi motar za ta yi laushi in ba kaya, ta yi tauri in da kaya, kuma za ta iya ce maka ya isa.

Ɗaga ta kuwa, na san dalilinka. Hanyoyin gonakin da damina ta cinye suna dukan cikin mota. Amma 504 tun asali doguwar ƙafa gare ta, abin da ya sa ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ke nan, kuma in sifirin ya dawo hayyacinsa za ka ga ta tashi da kanta. In ka ɗaga fiye da haka, farfela za ta karkace ta riƙa cin kuros, robar birki za ta miƙe, ga lodi ya ƙara nisa da ƙasa, a kwana sai ta nemi kwanciya. Ka kuma leƙa ko akwai ɗan bawul ɗin nan da ke auna zaman mota ya raba wa tayoyin baya birki. In yana nan, taurin sifirin ruɗa shi yake yi, ya ɗauka ba kaya alhali an cika ta.

Sai maganar giya ta biyar. Nan kam ban ga laifinka ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa lita yake ƙirgawa, kuma gaskiya ne giya ta biyar tana rage wa inji juyi a miƙaƙƙiyar hanya. Mutane suna ɗora giyabos ɗin 505, yana kuma zama. Amma ka tambayi kanka inda za ka sa ta. Mu nan Jos muna sama da teku da mita 1,200 da wani abu. Iskarmu ba ta da kauri, inji mai kafireto yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa tun kafin ka ɗora masa buhu ɗaya. Da cikakken lodi tsakanin Mangu da Farin Gada, sau nawa za ka ga giya ta biyar? In ka matsa mata, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana shaƙewa, ƙafarka ta nutse a totur, man da ka so ka tara ya tafi, ga lagireto na tafasa. In aikinka ya koma dogon zango, Bauchi ko Zariya, kana dawowa ba kaya, to za ta biya kuɗinta. In kuwa tsakanin gona da kasuwa ne, giyabos ɗinka mai huɗu a sa masa sabon boris da sil, a canja kuloci, ya fi maka.

In ka ce lalle sai ka ɗora, kada ka saya da ido. Giyabos ɗan gwanjo kowanne an wanke shi da fetur yana ƙyalli. Ka ce a kwance kusar ƙasa, ka tara hannu: in ka ga garin ƙarfe yana walƙiya a cikin man, ka yi musu sallama. Ka juya sandar gaba da hannunka, ka shiga kowace giya har ribas, ka girgiza ka ji ko tana wasa. Ka tafi da tsohon faifan kulocinka ka gwada ko haƙoransu sun dace. Ka auna tsawon tsohon da sabon da tef, don in sun bambanta sai an taɓa mazaunin giyabos, sai an yanke farfela. Farfela kuwa ba a yanke ta a gindin bishiya. Ka kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su daidaita ta, in ba haka ba za ka ji motar tana kaɗawa tun daga kujera har madubi, kuma boris ɗin sabon giyabos ɗin ne zai fara biya. Bak-aksul ɗinta ka bar mata abinta. Wani zai ce maka na salun ya fi gudu. Ya fi, amma na akori-kura an yi shi ne don ja.

Manyan tayoyi ma lissafinsu ɗaya ne. Taya in ta ƙara tsawo da kashi goma cikin ɗari, ƙarfin ja ya ragu da kusan haka, birki ma haka, kuma agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya. Ka haɗa manyan tayoyi da giya ta biyar da iskar Jos, ka yi wa injin nan taron dangi. Ka nemi taya daidai girman tata, amma mai ƙarfin ɗaukar kaya irin ta motocin haya.

Na san za ka ce ai Turawa ma suna yi, ka gani a waya. Suna yi. Akwai wani kamfani a Faransa, Dangel, da ya riƙa mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu, ya ɗaga ta sama. Sai dai su da suka ɗaga, sun bi sauran kayan ƙarƙashin sun canja su tafi tare. Waɗanda kake gani a Amurka suna ƙawata tsofaffin Ford da Chevrolet kuwa, yawancinsu ranar hutu suke fito da su, bayan motar wayam. Ba wanda zai sauka Hawan Kibo da kabeji.

Kuɗin da ka ware na tayoyin nan, ka juya shi kan birki. Man birki yana shan danshi da daɗewa, kuma shi ne ya tafasa a ƙarƙashin ƙafata ranar nan. A zubar da tsohon gaba ɗaya, a sa sabo, a duba robobi da bututu da igiyar birkin hannu. In za ka sauka gangare, giyar da za ta hau da kai ita za ka sauka da ita, tun daga sama, ba sai ka ji ƙauri ba. Kada in ji an ce ka sa ta a firi don tattalin mai.

Kuma ka riƙa yin aikin ɗaya bayan ɗaya. Ka gama da sifirin, ka yi sati biyu kana tuƙa ta, sannan ka taɓa wani abu, don in sabuwar ƙara ta fito ka san daga inda ta fito. Duk abin da ka cire, ko da kana ganin ya mutu, ka shafa masa baƙin mai ka ajiye a zaure. Wasunsu ba a ƙera su kuma.

Ranar Asabar bayan ka karya, ka kawo ta nan bayan kasuwa, ba kaya, tanki rabi. Ka taho da tef da tocila da buhun da zan shimfiɗa, don bayana ba ya son sanyin ƙasa yanzu. Jak ɗin mahaifinka yana bayan kujera in ba ku taɓa shi ba, a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi. Ka taho da shi. Ka gaida mahaifiyarka.