Darasi: Yadda Za Mu Gyara Yadi Ya Daina Shan Ruwan Sama

'Yan'uwa, kowace damina idan muna zagayen ƙauyuka muna tarar da asara iri ɗaya. Buhun taki ya jiƙe a kan babur, garin masara ya yi tsami a hanyar kasuwa, littattafan yaro sun manne a cikin jaka. Ledar da muke rufe kaya da ita ba ta da tsada, amma rana tana cinye ta, iska ta yayyaga ta kafin a kai tsakiyar damina. A wannan darasi za mu koyi yadda za mu gyara yadi a gida domin ruwa ya riƙa gangarewa a kansa. Abin da muke so mu riƙe shi ne: kowane irin yadi da maganinsa, kuma akwai hanyar da ke da haɗari ƙwarai wadda dole mu guje mata.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Iyayenmu sun san saƙa kabido da kaba domin shiga ruwa, sun kuma san shafa wa bango makuba domin kada ruwa ya zaizaye shi. A ƙasar Turai, matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna shafa wa yadi man 'ya'yan tsiron da ake yin lilin da shi, su ɗinka rigunan ruwa. A shekarar 1823 wani mutumin Sikotilan mai suna Charles Macintosh ya fito da hanyar manna yadi biyu da ruwan roba a tsakaninsu. Duk manufar ɗaya ce. Yadi zare ne da aka saƙa, tsakanin zare da zare akwai ƙananan ramuka, auduga kuma ita kanta tana tsotsar ruwa. Idan muka lulluɓe zaren da abin da ba ya haɗuwa da ruwa, muka toshe ramukan, ruwa zai dunƙule ya gangara.

Mu fara sanin irin yadin

Yadin auduga mai kauri da matsattsiyar saƙa, kamar tamfol na auduga ko tsohon wandon jins, shi ne ke karɓar kakin zuma. Yadin nailan, irin na laima da jakar makaranta, ba ya shan kaki sosai, silikon ya fi dacewa da shi. Tamfol na leda kuwa, shuɗin nan ko fari da ake sayarwa a kasuwa, ba ya karɓar ko ɗaya. Idan ya huje, sai dai a yi masa faci.

Idan ba mu tabbata ba, mu zare 'yan zaruruwa mu kai bakin wutar ashana a waje. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Nailan yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Mu kuma ɗaga yadin mu duba rana ta cikinsa. Idan haske yana shigowa ta manyan ramuka, saƙar ta yi sakwa-sakwa, kada mu ɓata kaki a kansa.

Hanya ta ɗaya: kakin zuma da kyandir, domin auduga

Masu amya da yawa suna zubar da saƙar zuma bayan sun matse ta, alhali kuwa kaki yana cikinta. A dafa saƙar cikin ruwa a tsohuwar tukunya, a tace da tsumma, a bar shi ya huce. Kakin zai daskare a saman ruwan. Kyandir shi kaɗai yana da tauri, yana tsagewa idan an naɗe yadi. Kakin zuma ya fi laushi, shi ya sa muke haɗa su biyu.

1. A wanke yadin, a ɗauraye sabulu ya fita duka, a shanya ya bushe sarai. Idan akwai yaga, a ɗinke tun yanzu.

2. A sami kakin zuma da farin kyandir daidai wa daida, a yayyanka ƙanana, a cire lagwanin, a zuba cikin busasshen gwangwani.

3. A sa gwangwanin cikin tukunya mai ruwa, a ɗora a kan wuta marar ƙarfi. Kakin zuma yana narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100, saboda haka kakin zai narke ba tare da ya kai zafin kama wuta ba. Kada a ɗora gwangwanin a kan wuta kai tsaye, kada kuma a tafi a bar shi.

4. A juya su haɗu, a zuba cikin ƙaramin gwangwani ko ƙoƙo, a bari ya daskare kamar sabulu.

5. A shimfiɗa yadin a kan tebur ko katako, a riƙa goga kakin da ƙarfi har yadin ya yi fari-fari. A ƙara gogawa a wurin ɗinki da bakin yadi, gama ta nan ruwa yake fara shiga.

6. A shimfiɗa takarda marar rubutu a kai, a bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi har kakin ya nutse cikin zaren, launin yadin ya yi duhu. A ranakun zafi na Maris da Afrilu, shimfiɗa yadin a kan kwanon rufi da tsakar rana yana taimakawa, amma a duba, inda kakin bai shiga ba a bi da dutsen guga.

7. A sake shafawa sau ɗaya, sa'an nan a rataye a inuwa ya kwana.

Gara shafi biyu marasa kauri da shafi ɗaya mai kauri, domin kakin da ya tsaya a saman yadi yana ɓarewa. Kafin mu taɓa babban yadi, mu gwada da rabin yadi. Ta haka za mu san yawan kakin da sauran zai ci.

Hanya ta biyu: silikon, domin nailan

Silikon shi ne farin abin nan mai kamar danƙo da masu sa gilashin taga ke toshe kafa da shi. A nemi wanda ba shi da launi. Ana tsinka shi da man da masu fenti ke sirka fentin mai, fari kamar ruwa, wanda a shago ake kira wayit sifirit. Domin layin ɗinki, a fara da cokali 1 na silikon cikin cokali 3 na man. Domin shafe yadi duka, a tsinka ya fi haka ruwa, kamar 1 cikin 10. A juya sosai har gudaji su ɓace, a shafa da burushi, a goge abin da ya yi yawa da tsumma, a rataye a inuwa mai iska kwana 2. Wannan man yana kama wuta, warinsa kuma yana sa ciwon kai. A yi aikin a waje, nesa da murhu da fitila da mai shan taba, yara kuma su tsaya nesa. Idan cikin jakar yana da wani shafi mai santsi kamar roba, silikon ba ya kama shi da kyau, a shafa ta waje.

Abubuwan da ba za mu yi ba

Akwai masu narka kyandir cikin fetur domin aiki ya yi sauri. Mu ji abin da ya faru a garin Hatfod na ƙasar Amurka ranar 6 ga Yuli 1944. An kafa wani babban tanti na 'yan wasa wanda aka shafe da kakin kyandir da aka narka cikin fetur. Wuta ta kama shi da rana, mutane dubbai suna ciki. Cikin 'yan mintoci tantin ya cinye, narkakken kaki yana zubo wa mutane. Fiye da mutum 160 suka mutu, da yawansu yara ne.

Darasi biyu ke nan. Na fari, fetur da kananzir ba su da wuri a wannan aiki. Na biyu, yadi mai kaki, ko ta hanya mai kyau aka yi shi, ya fi sauran yadi saurin cin wuta. Na rufe kaya ne. Kada mu yi rumfar taro da shi, kada a kwana ko a yi girki a ƙarƙashinsa. Idan kaki ya kama wuta a gwangwani, kada a zuba ruwa, wutar za ta fantsama. A rufe da murfi ko a zuba yashi.

Kada mu shafa baƙin man inji, yana da guba, yana kuma ɓata abinci da ƙasa. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya ba sa bushewa a jikin yadi, sai su yi wari su jawo tururuwa da ɓera. Gidan sauro kuma ba a shafa masa komai cikin waɗannan.

Mu lura kuma, yadin da ke hana ruwa shiga yana hana danshi fita. Idan muka lulluɓe masara ko gyaɗa da ba ta gama bushewa ba, za ta yi fumfuna, wani irin fumfuna kuwa yana haifar da gubar da ke lalata hanta. Hatsi ya bushe tukuna, a ɗora buhuna a kan katako, a bar wa iska hanya ta ƙasa.

Gwaji da kulawa

A zuba ruwa kofi ɗaya a kan yadin. Idan ya dunƙule ya gangara, aiki ya yi. Inda ya yi duhu ya jiƙe, a bar shi ya bushe a ƙara shafi. A riƙa ɗaure shi da gangare, domin ruwan da ya kwanta a wuri ɗaya zai ratsa daga baya. Kada a wanke yadi mai kaki da sabulu ko ruwan zafi, a kakkaɓe ƙura a goge da ruwan sanyi. Ya bushe kafin a naɗe, a ajiye a inuwa, a sabunta shafin kowace shekara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne kaya ne ruwa ya ɓata mana a daminar da ta wuce, nawa kuma kuɗinsu?

2. Su wane ne ke da amya a garinmu, me suke yi da saƙar zuma bayan sun matse?

3. Zumuntar mata ko matasa za su iya sa rana ɗaya a narka kaki tare, a fara da gidajen gwauraye da tsofaffi waɗanda ba za su iya yi da kansu ba?