Suna Linzami Ne: Laƙabin Na'urorin Ajiyar Bayanai

Manyan makarantu irin Jami'ar Maiduguri, maƙwabciyar Mairi, wadda aka kafa a 1975, suna riƙe da bayanan dubban ɗalibai. Inda ake adana irin waɗannan a rumbunan kwamfuta masu haɗe da juna, kowace na'ura tana da lambarta daga masana'anta, mai haruffa da alƙaluma 16. Lambar tana da wuyar haddacewa, saboda haka akan raɗa wa na'urar laƙabi.

Wajibi ne ma'aikaci ya kiyaye:

1. Kada na'urori biyu su haɗa laƙabi.
2. In an musanya na'ura, a ɗora laƙabin bisa sabuwar lamba.
3. A rubuta kowane canji a littafi.

Kuskuren laƙabi ɗaya yana iya jawo a goge sakamakon jarrabawar ɗalibai.